Masu Gyaran Filin Idi

Sallar idi raka'a biyu ce, babu kiran salla babu iƙama. Daga kabbarar harama zuwa sallama da wuya ta wuce minti goma, in an haɗa da huɗuba a ce rabin sa'a. Amma a tara mutanen gari guda da na ƙauyukan da ke kewaye da shi a fili ɗaya, a jera su, kowa ya ji liman, a tashi a watse ba a take tsoho ba, ba a nemi yaro an rasa ba, sannan filin ya koma yadda aka same shi, wannan aikin kwanaki ne, kuma yana da gwanayensa. A Karaye da Rogo na jihar Kano wasunsu 'yan agaji ne masu kaki da usur, wasu 'yan kwamitin masallaci ne, wasu kuwa dattawa ne da suka taso suka tarar iyayensu na yi. Ni dai a wurina sana'a ce cikakkiya ko da ba a biyan kowa sisi a kanta, kuma ita ce guzurin da ya fi yi wa mutanenmu rana idan Sallah ta riske su a ƙasar wasu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Filin idi sau biyu ake amfani da shi a shekara, sauran kwanakin na awaki ne da 'yan ƙwallo da masu yanke hanya. Don haka aikin yana farawa ne da duba ƙasa, kuma abin da za a tarar ya danganta da lokacin da Sallah ta faɗo. Babbar Sallah ta 2023 an yi ta ranar 28 ga Yuni, ta 2024 ranar 16 ga Yuni, ta 2025 ranar 6 ga Yuni, duka a bakin damina. A irin wannan lokaci sai an bi fili da fartanya an nome ciyawa, an cike kwazazzaban da ruwa ya ci, an duba inda ruwa ke kwanciya don kada a kai sahu can. Idan rani ne, ƙura ce abin yaƙi, da ƙarangiya da tsidau masu huda tabarma su sami goshi. Gwani yakan zagaya filin a ƙafa yana neman gidan cinnaku, domin ya san sahu guda na iya watsewa ana tsakiyar salla saboda su. Mai unguwa ya sanar, samari su fito gayya da tsintsiya da baro da shebur. Manoma ne akasarinsu, masu rake da masara da dawa, masunta ma daga bakin madatsar ruwa ta Challawa ba a bar su a baya ba, kuma hannun da ya saba da gyaran gona ba ya shan wahalar gyaran fili.

Jan sahu shi ne inda ake gane wanda ya iya. Daga ƙasar Kano alƙibla ba gabas sak take ba, ta karkata wajen arewa da digiri 20 da 'yan kai. Idan sahun farko ya kauce da taƙi ɗaya, kafin a kai na talatin kaucewar ta zama abin da ido ke gani daga nesa. Shi ya sa ake kafa turaku biyu a gefe da gefe, a ja igiya ta miƙe tsaf, a bi ta da toka ko farar ƙasa, sannan a auna na biyu daga na farko, na uku daga na biyu, da sanda guda wadda ba a sauyawa. Mutum yana buƙatar wajen kamu biyu da rabi daga inda ya tsaya zuwa inda zai sa goshi, wato kusan santimita 120, da faɗin kusan santimita 60. In aka lissafa a haka, fili mai mita 100 kowane gefe zai ci sahu 80 da 'yan kai, kowane sahu mutum 160 da wani abu, jimla sama da 13,000 in ba a bar hanya ba. Amma dole a bar hanya, saboda haka mai lissafi yakan rage. Tsofaffin gwanaye ba sa riƙe biro a kan wannan. Sukan dubi fili su ce bana sai an ƙara sahu ta baya, don sun san 'yan ci-rani da 'yan kasuwa sun dawo daga Legas da Fatakwal da Abuja, kuma taron idi ya ninka na Juma'a nesa ba kusa ba.

Zana layi a ƙasa abu ne mai sauƙi a kan sa mutane su zauna a kansa. Kowa yana son bakin fili, kusa da inuwa ko kusa da inda ya ajiye babur. Idan aka ƙyale haka, gaba za ta zama da giɓi, baya ta cunkushe, masu zuwa a makare su riƙa tsallake wuyan jama'a. To a nan ake ganin tarbiyyar ɗan agaji. Yaro ne ɗan shekara ashirin, ga shi zai tayar da sa'an kakansa daga inda ya riga ya shimfiɗa darduma. Ba ya nuna shi da yatsa, ba ya hura masa usur. Sai ya rusuna ya ce, “Baba, barka da Sallah. Don Allah ga wuri can gaba an tanadar muku, bari in ɗaukar muku dardumar.” Idan malami ne ya ce “Allah ya gafarta Malam,” idan mai sarauta ne ya ce “ranka ya daɗe.” Dattijon zai tashi yana sa masa albarka, alhali da tsawa aka yi masa da sai an kwashe rabin sa'a ana ba shi haƙuri. Usur na samari ne da masu babura. Sanin wanda ake hura wa usur da wanda ake durƙusa wa shi ne rabin aikin, kuma ba a koyar da shi a fareti.

Abin da ya fi burge ni a wurin waɗannan mutane shi ne tun kafin su yi tunanin yadda jama'a za ta shigo, sun gama tunanin yadda za ta fita. Shigowa a hankali ake yi, cikin sa'a biyu, ana kabbarori. Fita kuwa lokaci guda ce, kowa na sauri, musamman ranar layya. Sunnar nan ta komawa gida ta wata hanya daban da wadda aka zo ta ita tana rage cunkoso ƙwarai, kuma masu tsara fili suna taimaka mata da buɗe mafita fiye da ɗaya. Babura da a-daidaita-sahu a jera su nesa da bakin fili, kowanne goshinsa na kallon hanya don kada a tsaya juyawa. Motoci wuri daban. Dawaki, a shekarar da za a yi hawa, can gefe inda ƙarar inji ba za ta firgita su ba. Wurin mata da yara a ba shi tasa mafitar. Masu bara da masu talla a nemo musu wuri mai 'yar tazara daga ƙofa, don mai ba da sadaka in ya tsaya a bakin ƙofa, mutum ɗari ne ke tsayawa a bayansa. Yaron da ya rabu da yayansa a kai shi gindin lasifika a yi cigiya. Sannan a bar wata hanya a buɗe daga gaba har baya wadda ba a yarda kowa ya shimfiɗa komai a kanta ba, saboda ranar da wani zai yanke jiki ya faɗi.

Sauti ma aiki ne. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, raka'ar farko kabbara bakwai ce har da ta harama, ta biyu shida har da ta miƙewa. Idan lasifika ta ɗauke a kabbara ta huɗu, sahun baya ya rikice ke nan, wasu na ruku'u wasu na tsaye. Saboda haka akan gwada janareta tun jajibere, a tanadi batir, a kuma tsayar da masu murya a tsakiyar jama'a waɗanda za su jiyar da kabbara in na'ura ta gaza, kamar yadda ake yi tun kafin a san na'ura.

Duk wannan yana tafiya ne don akwai wanda ake jin maganarsa. Karaye tsohon gari ne mai tsohuwar sarauta. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa ta cikin sababbin masarautu huɗu tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sannan a watan Yuli ta kafa masarautar Karaye mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Mahraz Karaye, wanda kafin nan shi ne Hakimin Rogo. Sama ta yi ta sauyawa, amma a ƙasa igiyar tana nan yadda take: daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma ta wannan igiya ake sanar da lokacin salla, ake kiran gayya. A gefenta ga rundunonin agaji na Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, da na Fityanul Islam, da na Izala wadda aka kafa a Jos a 1978, ga 'yan Hisba da suka sami dokarsu a Kano a 2003, ga 'yan sintiri. Gaskiya ne bambancin fahimta ya sa gari ɗaya kan yi filin idi biyu ko uku. Amma wanda ya zagaya su zai ga igiya da toka da rusunawa iri ɗaya ne a ko'ina.

Ranar layya aikin yana barin fili ya shiga gidaje. Liman yakan yanka ragonsa a bainar jama'a, domin a wurin malamanmu wanda ya riga liman yanka bai yi layya ba, sai ya sake. Wannan hukunci shi kansa tsari ne: ya sa gari duka ya fara a lokaci guda. Daga nan sai tsafta ta koma hannun maigida da mahauci. Wanda ya san abin da yake yi tun daren jajibere ya haƙa rami, jini ya shiga ciki a rufe da ƙasa, ba a bar shi ya bi lambatu ya taru a ƙofar maƙwabci ba. Abin da aka zazzage daga tumbi a kai shi juji ko gona, taki ne. Kayan ciki su ake fara wankewa a soya don su ne masu saurin lalacewa a zafinmu. Fata a fiɗe ta ba tare da wuƙa ta huda ta ba, a shafe ta da gishiri tun ranar, in ba haka ba kafin ta isa hannun majema ta fara wari, ta tashi daga dukiya ta koma shara. Inda aka yi watanda, mutum bakwai ko fiye suka haɗa kuɗin sa don nama, rabon kashi-kashi a gaban kowa wani gwaninta ne na mahauta, da za a yi a tashi babu mai ƙorafi. Mahautan nan kuma su ne shaidun wata ɓarna da muke yi wa kanmu: sau da yawa sukan farka tumbi su tarar da dunƙulen leda da dabba ta haɗiya a bola, ledar da ta hana ta ƙiba.

To, a ɗauki mutumin da ya tashi cikin wannan a kai shi Ingila ko Jamus ko Amurka. Abu na farko da zai tarar shi ne filin ba nasa ba ne. Aro ne, daga hukumar gari ko kulob ɗin ƙwallo ko wani kamfani, kuma mai aro ba ya samun na gaba sai ya mayar da na baya lafiya. Babu mai unguwa, babu dogari. Abin da girman sarauta da sabo ke yi a gida, can takarda ce ke yin sa: izini tun watanni kafin Sallah, inshora, yarjejeniya da 'yan sanda a kan rufe titi, masu ba da taimakon gaggawa, banɗakunan haya, adadin masu kula da taro gwargwadon yawan jama'a. Ga wahalar da ba mu sani ba a gida, wato sai an nemi izinin rana biyu, don ba a san wadda wata zai nuna ba. Alƙibla ma sai an sake koyo: a Ingila kudu maso gabas take, a New York arewa maso gabas.

Duk da haka Musulmin can sun iya, har sun kai abin wani mataki. A birnin Birmingham, masallacin Green Lane da wasu masallatai sun riƙa haɗa sallar idi a dandalin Small Heath. Masu shiryawa sun ba da adadin mutum 106,000 a 2017, da 140,000 a 2018. A auna wannan da lissafin filin nan na mita ɗari, a ga sahu nawa ke nan. Kuma akwai shekarun da suka fasa fita dandalin saboda ruwan sama ya jiƙa ƙasa, suka koma masallatai ana yin sallar rukuni-rukuni. Na jinjina wa wannan shawara ƙwarai, don ba ƙaramin abu ba ne a haƙura da taron da aka yi wata da watanni ana shiryawa saboda kada a lalata ciyawar mutane ko tsofaffi su zame. A watan Mayun 2020, lokacin annobar korona, Musulmin garin Wetzlar na Jamus suka roƙi kamfanin IKEA filin ajiye motocinsa, ɗaruruwan mutane suka yi salla da tazara tsakanin kowane biyu, hoton da aka ɗauka daga sama ya zagaya duniya saboda tsabar daidaituwar layukan. A watan Mayun 2022 kulob ɗin Blackburn Rovers ya buɗe filinsa na Ewood Park aka yi idi a kan ciyawar wasa, karo na farko da wani kulob a Birtaniya ya yi haka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi da za ta sake buɗuwa da an bar wurin kaca-kaca.

Lokaci ma can ba wasa. Sallah ba ranar hutu ba ce a Birtaniya. Wani daga fili asibiti zai wuce aiki, wani tasi zai koma ja. New York sai a 2015 ta sanar da rufe makarantun gwamnati ranakun idi biyu. Saboda haka in an ce ƙarfe tara, ƙarfe taran ce. Ƙananan masallatai kan yi jam'i uku ko huɗu a jere, kowanne da limaminsa, a fitar da rukuni ta ƙofa ɗaya wani na shigowa ta ɗaya, kowa takalminsa a leda a hannu don kada a taru a bakin ƙofa ana nema. Masu sa kai sanye da riguna masu sheƙi suna tsaye a titi suna roƙon kada a toshe ƙofar gidan maƙwabta da mota. Ɗan agajin Rogo in ya ga wannan ba zai ga baƙon abu ba. Aikinsa ne, kaki ne kawai ya sauya.

Layya kuwa doka ta raba ta da tsakar gida. A Birtaniya da Faransa ba a yarda a yi yankan addini ba sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, don haka mutum yakan ba mahauci oda ya karɓi namansa a yanke, ko kuma ya turo kuɗi gida a yi masa. Raguna da yawa da ake yankawa a garuruwanmu na 'ya'yan da ke nesa ne. A Mina ma, inda yankan ya fi na ko'ina yawa, sai da aka yi wa abin tsari: a 1983 aka ɗora wa Bankin Raya Ƙasashen Musulunci kula da shirin da ke yanka hadaya a mayanka ta zamani, a daskarar da naman a raba wa mabuƙata, bayan a da mai yawa daga cikinsa binnewa ake yi.

Bahaushe dai ba yau ya fara Sallah a baƙon wuri ba. Zangon Kumasi da Nima ta Ankara a Gana, unguwar Sabo ta Ibadan, Agege, Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan inda jama'ar da ta yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ta sauka, duka sun san zama a ƙasar da wani ke da iko, sun san sarkin zango ne ke shiga tsakani a nemi fili, a kuma amsa tambaya in an ɓata shi. A Gana yau babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zango ne, kuma a dandalin 'yancin kai na Ankara ake yin babban idi, shugabannin ƙasa na halarta. Irin wannan matsayi tara shi aka yi a hankali, Sallah bayan Sallah.

Inda na ga na waje sun sha gabanmu shi ne sa'ar ƙarshe. Su tun kafin a tayar da salla sun raba manyan ledojin shara a ƙarshen sahu, liman ya tuna wa jama'a a huɗuba, kuma akwai rukunin da aikinsa bai fara ba sai an watse. Mu a gida ƙarfinmu yakan ƙare a kan shiri. Ana sallama ɗan agaji ma yana da rago ko tuwon Sallah da ke jiransa, sai a bar ledar ruwa da ta alawa da kwalin da aka yi shimfiɗa da shi iska ta watsa su cikin gonaki. Amma akwai masu tsayawa, kuma su nake girmamawa fiye da kowa a wannan aiki. Za ka ga mutum biyar ko goma, kaki ya jiƙe da gumi, sun jeru kafaɗa da kafaɗa daga gaban fili suna tafiya baya, kowa da buhu, ba sa tsallake taku ɗaya. Wani yana naɗe waya, wani yana tuge turaku yana ƙirga su, wani ya tara takalma da huluna da makullan da aka manta zai kai masallacin Juma'a a yi cigiya. Kashin dawaki a kwashe a baro, akwai mai gonar da ke so. Sun san kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa a rassan imani, kuma ba su ɗauki ranar idi a matsayin ranar da aka ɗauke musu wannan ba.

Aikin da ke gabansu zai ƙara nauyi. Kowace shekara Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, saboda haka Babbar Sallah ta kama hanyar barin damina zuwa tsakiyar bazara, watan Mayu sannan Afrilu, lokacin da rana ke fara cizo tun ƙarfe takwas na safe. Za a buƙaci a tayar da salla da wuri, a taƙaita huɗuba, a yi wa tsofaffi rumfa, a tanadi ruwan sha mai yawa. Ruwa mai yawa kuma leda ce mai yawa, sai an ƙara buhuna a bakin kowane sahu da hannayen da za su tsaya bayan an watse. Nama da fata za su fi saurin lalacewa, gishiri da itacen suya sai an tanada tun da sauran kwanaki. Dattawan da suka ja sahu a irin wannan zafi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, lokacin da zagayen ya bi ta nan, wasunsu suna raye a Karaye da Rogo, kuma ya kamata kwamitocin idi su zauna da su tun yanzu su ji ta wane gefe suka sa rumfa, da ƙarfe nawa suka tayar.